Malamina Ya Ce In Gyara Alƙaluman Bincikena

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina karatun digiri na biyu a tsangayar ilimi ta wata jami'a a nan Arewa, ɓangaren nazarin yadda yara ke koyo. Shekarata uku ke nan a kan karatun da aka ce na shekara biyu ne. Bincikena a kan abin da ake kira salon koyo ne: wai wani yaro ya fi ganewa ta gani, wani ta ji, wani sai ya taɓa da hannu, kuma in aka koyar da kowa ta hanyarsa zai fi cin jarrabawa. Zango guda cur na yi ina zirga-zirga tsakanin makarantun firamare huɗu da goyo a bayana. Na raba 'yan aji biyar gida biyu, wasu aka koyar da su ta salonsu, wasu yadda aka saba. Da na yi lissafi sai na ga babu bambanci tsakaninsu. Na kai wa malamin da ke duba aikina. Farfesa ne sa'an mahaifina, kuma ya yi rubuce-rubuce a kan wannan fanni. Ya duba, ya turo mini takardun, ya ce, "Koma ki gyara alƙaluman nan, babu mai jarrabawar da zai wuce da aikin da bai gano komai ba." Ƙawata ta ce kowa haka yake yi, har ta nuna mini wani shagon kwamfuta inda ake fitar wa mutum da sakamakon da yake so. Maigidana mai sayar da yadi ne a kasuwa, shi ke biyan kuɗin makaranta, ya ce in bi abin da Malam ya ce mu huta. Ni kuwa in na tuna fuskokin yaran nan sai barci ya gagare ni. Akwai kuma abin da na lura da shi: duk ranar da na fassara musu tambaya da Hausa, yaran da ba sa magana sai su yi ta ɗaga hannu. Anti, in bi Malam, ko in yi asarar shekara uku?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, sannu da ɗawainiya. Duk wadda ta taɓa tsayawa a gaban allo da goyo, rana ta take, yara suna hayaniya, ta san abin da zango guda yake nufi. Barcin nan da ke gagarar ki kuwa ba ciwo ba ne da za a nema wa magani, zuciyarki ce ke aikinta. Bari in fara da abin da ba zan yi miki kwana-kwana a kansa ba: kada ki taɓa alƙaluman nan, ko da lamba ɗaya. Amma kin rubuto kamar hanya biyu ce kaɗai a gabanki, ko algus ko asara, ni kuma ina ganin wata a tsakani, kuma mai biyuwa ce.

Da farko ki cire wa ranki cewa aikinki bai gano komai ba. Ya gano. Abin da kika samu shi ne abin da masu bincike na ƙwarai suka daɗe suna samu. A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila suka tattara tsare-tsaren salon koyo da ke yawo a duniya, suka ƙirga har 71, kowanne da nasa rabe-raben. A 2008 kuma masana huɗu a Amurka, Harold Pashler da Mark McDaniel da Doug Rohrer da Robert Bjork, suka bi diddigin binciken da aka yi a kan batun. Tambayarsu ɗaya ce: an taɓa raba ɗalibai bisa salonsu, aka koyar da su ta hanyoyi dabam-dabam, aka yi musu jarrabawa iri ɗaya, aka ga kowane rukuni ya fi cin maki ta hanyar da aka ce tasa ce? Suka tarar gwaje-gwajen da aka yi da kyau 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu ba su goyi bayan ra'ayin ba. Gaskiya ne mutane suna da hanyar da suka fi so, amma so daban, ganewa daban. Darasi ne yake zaɓar hanyarsa. Taswira sai an gani, tajwidi sai an ji daga bakin malami, ɗinki sai an taka keke da ƙafa, ko wane irin yaro ne. Duk da haka ra'ayin ya ƙi mutuwa. Wani bincike na 2012 ya gano sama da kashi 90 cikin ɗari na malaman da aka tambaya a Birtaniya da Holan sun yarda da shi. To kin ga ba ke kika kasa ba. Kin yi gwaji da gaske, ya ba ki amsa ta gaske.

Yanzu ga Malam. Ba na son ki ɗauke shi azzalumi tun ba ki gama jin ta bakinsa ba. Ya taso a zamanin da mujallun ilimi ba sa son buga binciken da ya ce "babu bambanci". Tun 1979 Robert Rosenthal ya koka da wannan, ya ce irin waɗannan sakamako a durowa suke ƙarewa, waɗanda suka yi daɗin ji kaɗai ake bugawa, sai duniya ta ɗauka kowa abu ɗaya ya gani. Mutumin da ya yi shekaru a cikin wannan tsari, ya samu ƙarin girma da takardun da ya rubuta a kan salon koyo, sai ga ɗalibarsa ta zo da alƙaluman da ke cewa ba haka ba ne, dole ya ji wani iri. Ga kuma tsoron kada mai jarrabawa daga waje ya yi watsi da aikin a gaban abokan aikinsa, kunyar ta faɗo kansa. Wannan ba ya halatta abin da ya nema, in har shi ya nema. Na ce "in har" domin kalmar "gyara" tana da fuska biyu. Tana iya nufin koma ki duba ko kin yi kuskure wajen shigar da maki, tana kuma iya nufin abin da ke da ƙawarki kuka fahimta. Ki bar masa wannan ƙofa a buɗe, domin ta nan ne zai iya fita da mutuncinsa, ke ma ki fita da naki.

Me ya sa na kafe a kan kada ki taɓa su? Ki tuna inda kundin nan zai je. Za a ɗaure shi da baƙin bango a ajiye a laburare. Baɗi wata ɗaliba za ta ɗauko shi ta kafa hujja da shi a babi na biyu na nata aikin. Wani zai ɗauka ya shirya wa malaman firamare bita. Wata malama a ƙauye, mai yara tamanin a aji ɗaya da guntun alli, za ta ɓata lokacin da ba ta da shi tana raba su gida uku, saboda an ce mata bincike ya tabbatar. Su kuma yaran da suka zauna miki a kan benci, da shugabannin makarantun da suka buɗe miki ƙofa, amana suka ba ki. Kin san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. An faɗe shi ne a kan mai sayar da abinci da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, kuma ban ga bambancinsa da jadawalin da aka yi wa aringizo ba.

Ga kuma abin da ƙawarki ba ta gaya miki ba. A shafin farko na kundin, ke za ki sa hannu cewa aikinki ne. Mai shagon kwamfuta ba zai sa ba. A 2011 asirin Diederik Stapel ya tonu a Jami'ar Tilburg da ke Holan. Babban farfesa ne a nazarin halayyar ɗan Adam, shugaban tsangaya, ashe shekara da shekaru yana zama a ɗaki yana ƙirƙiro alƙaluma. Matasan masu bincike uku na sashensa ne suka lura sakamakonsa ya cika kyau, suka kai ƙara. Kwamitocin da suka bincika sun samu maguɗi a takardu 55 da ya buga, ya mayar da digirinsa na uku da kansa, kuma abin da ya fi ba ni tausayi, kundin digirin ɗalibansa goma ya gurɓata da alƙaluman da ya miƙa musu, alhali su ba su sani ba. Ke kuwa da saninki za ki shiga. Kuma gano irin wannan ya yi sauƙi yanzu. A 2016 Nick Brown da James Heathers suka fito da wata dabara da ko ɗan sakandare zai iya: in yara 20 ne, kowanne makinsa cikakkiyar lamba ce, matsakaicin makinsu zai iya zama 3.45 ko 3.50, amma ba zai taɓa zama 3.47 ba. Mai ƙirƙira da ka ba ya tuna wannan. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kundi ba ya ruɓewa. Ranar da kika nemi digiri na uku ko aikin koyarwa, yana nan yana jiran ki.

Ki yi hattara da ƙananan hanyoyin ma, domin su suka fi ruɗi. Wani zai ce miki ai ba sai kin ƙirƙira ba, ki cire yara goman nan da suka ɓata lissafi, ko ki jefar da makaranta ɗaya, ko ki yi ta sauya gwaji a manhajar lissafi ta SPSS har lambar nan da ake dubawa ta sauko ƙasa da 0.05, iyakar da ake cewa an ga bambanci. A 2011 Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn suka nuna haɗarin wannan da gangan. Da irin waɗannan 'yan dabaru, ba tare da ƙirƙiro lamba ko ɗaya ba, suka "tabbatar" cewa sauraron wata waƙa yana rage wa mutum shekaru kusan ɗaya da rabi. In za ki cire yaro daga lissafi, ya zama da dalilin da za ki iya rubutawa ɓaro-ɓaro, kamar bai zo ranar jarrabawa ba.

To me za ki yi? Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki tattara takardun amsar yaran da rajistar maki da wasiƙun izinin da makarantu suka ba ki, ki ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ki tura wa kanki ta imel tare da fayil ɗin lissafin yadda yake. Asalin takardun ki sa a leda ki kulle a akwati inda ruwa da gara da yara ba za su kai ba, kuma kada ki ba kowa su ya tafi da su. Sannan ki ɗauki maganar Malam ta fuskarta mai kyau, ki koma ki duba da gaske. Ki bi maki ɗaya bayan ɗaya daga takarda zuwa kwamfuta, ki samu wani malami a sashen lissafi ko ƙididdiga ya duba miki ko gwajin da kika zaɓa ya dace da tsarin aikin. In an samu kuskure, ki gyara ki rubuta abin da kika gyara. In ba a samu ba, kin ƙara ƙarfi.

Bayan haka ki zauna ki rubuta babi na huɗu da na biyar, wato na sakamako da na kammalawa, gaba ɗaya da sakamakon gaskiya. Kada ki je wa Malam da hannu biyu da tambaya kawai, ki je masa da aiki gamamme. Ki rubuta abin da kika samu, ki kawo binciken da suka samu irinsa, ki kuma faɗi iyakar naki ba tare da ɓoyewa ba: makarantu huɗu ne, zango ɗaya ne, kuma rashin ganin bambanci a wannan adadi bai rufe ƙofar magana ba har abada. Mai jarrabawa na kirki wannan yake nema, ya ga ɗaliba ta san abin da alƙalumanta za su iya ɗauka da abin da ba za su iya ba. Ki buga takardar su Pashler ki haɗa da ita. Ki zaɓi ranar da ofishinsa ba cunkoso, ki gaishe shi yadda kika saba, ki ce, "Malam, na koma na duba kamar yadda ka ce, har na kai wa wani ya taya ni, lissafin bai sauya ba. Sai na ga ashe wasu manya a waje ma haka suka samu. Ko za ka duba mini yadda na tsara bayanin, in ya yi mu fitar da takarda daga ciki tare?" Kin ga ba ki ce ya yi kuskure ba, ba ki ce ya nemi ki yi ƙarya ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kina iya tuna masa, cikin ladabi, cewa fannin ya juya. A 2015 masu bincike 270 ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek na Jami'ar Bajiniya suka sake gwada bincike 100 da aka buga a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam. A asali 97 daga ciki sun ce sun ga tasiri, amma da aka maimaita kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake nunawa. Tun daga nan mujallu da yawa suka buɗe ƙofa ga irin sakamakonki.

In ya sake cewa ki gyara, ki tambaye shi a hankali, "Malam, wane wuri ne kuskuren, in rubuta?" Da alƙalami a hannunki. Mutane da yawa da za su faɗi abu a dunƙule ba sa iya warware shi dalla-dalla. Da kin koma gida ki tura masa gajeren saƙon godiya mai ɗauke da abin da kuka tsayar, domin ya zama akwai rubutu. In kuma ya fito fili ya ce sai kin sauya, to ki ce masa ba za ki iya ba, sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba, ki bi matakan da jami'a ta tanada: mai duba aiki na biyu in kina da shi, sai mai kula da ɗaliban manyan digiri na sashe, sai shugaban sashe, sai makarantar karatun gaba da digirin farko. Ki fara da neman a sa wani ya duba lissafin, kafin ki kai ga neman a sauya miki malami. Kada ki kai maganar Facebook ko zauren WhatsApp na 'yan aji, kuma ki rage ba ƙawar nan taki labari. Ba zan ɓoye miki ba, in abin ya kai can yana iya cin miki wasu watanni, har da kuɗin rajistar wata shekara. Zafi ne, amma zafin da ke wucewa.

Maigidanki kuwa, kada ki ji haushinsa. Mutum ne da ya zuba kuɗinsa shekara uku, ya haƙura da fitarki da dawowarki a gajiye, kuma a ganinsa farfesa ya fi ku sanin abin da ya dace. Ina kyautata zaton bai gane me ake nufi da gyaran ba. Ki same shi bayan ya ci abinci, yara sun yi barci, ki fara da godiya, sannan ki yi masa magana da harshen kasuwarsa. Ki ce abin da ake so ki yi daidai yake da a auna wa mai saye yadi huɗu a rubuta masa biyar. Ɗan kasuwar da ya san darajar amana ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan ki ba shi abin riƙewa: ga abin da zan yi wannan makon, ga ranar da zan ga Malam, ka ba ni wata uku. Abin da ke gajiyar da mai biyan kuɗi shi ne rashin sanin ranar gamawa. In yana da wani babba da ya san harkar jami'a, ku nemi shawararsa tare, ba don ya je ya yi faɗa ba.

Na bar abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki zuwa ƙarshe, wato hannuwan nan da ke tashi in kin juya Hausa. Ƙanwata, idon mai bincike ke nan. Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun sha faɗawa wannan rami, su auna baƙuntar tambaya su ɗauka kaifin hankali suka auna. Joseph Glick, wanda ya yi aiki da Michael Cole a cikin 'yan ƙabilar Kpelle a Laberiya, ya ba manoma kaya su rarraba: abinci, kayan aiki, tufafi, mazubai. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce haka mai hankali zai yi. Da ya gaji ya tambaye su yadda wawa zai raba, nan take suka jera abinci gefe ɗaya, kayan aiki gefe ɗaya, daidai amsar da yake jira. A nan gida ma, daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Jami'ar Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana darasi guda, kuma yaran ba su koma baya ba, har a Turancin. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya suke. Yaran Hausawa 'yan aji biyar kusan babu su a wannan lissafi. Takardun da ke cikin akwatinki suna da tsada saboda na gaske ne.

Sai dai ki kiyaye abu ɗaya. Kada ki juya kundin ki nuna kamar batun harshe kika fita nema tun farko, domin ba ki auna shi ba, gani kika yi. Ki sa shi a babi na biyar a matsayin abin lura, ki ba da shawarar a bincika shi da tsari: tambayoyi iri ɗaya, rabin yara da Hausa, rabi da Turanci, a raba su ta hanyar ƙuri'a. In Allah ya nufe ki da digiri na uku, ga batunki nan a hannu.

Allah ya sassauta miki, ya tausasa zuciyar Malam, ya saka wa maigida da alheri. Ki fara da hotunan nan yau, kuma in kin ga Malam ki sake rubuto mini, ina son in ji amsar da ya ba ki lokacin da kika tambaye shi wurin da kuskuren yake.